Ingarman ƙarfe ba ya ɗaukar buhu

Jama'a, duk wanda ya ji rurin Ford Mustang, motar Amurka da ta fito a 1964, musamman mai silinda takwas, ya san akwai daɗi: da ka taɓa ta, sai ta zabura kamar ingarma. Amma ingarma sai da dawa. Amurkawa ma, da mai ya yi tsada a 1973, da yawansu sun koma ƙananan motoci. To, mu fa? Ƙofa biyu gare ta, ba wurin buhun albasa. Cikinta na gogar ƙasa. Ƙarfe ɗaya ya lalace, sai zaman gareji. Ƴan kasuwa, maza da mata, kada uwar kuɗinmu ta ƙare a tanki. Mu sayi motar da ke kai kaya kasuwa.