Sanwicin da ba nama ba alkama: Wanda aka haɗa a gida ya fi na leda aminci

A shekarar 2019 kamfanin Subway ya fito da wani sabon sanwici a wasu rassansa na Amurka da Kanada: ƙwallayen "nama" da aka yi da tsirrai, cikin miyar tumatir. Sai dai burodin na alkama ne, kuma akwai cuku a kai. Wanda ba ya cin abin da ya fito daga dabba sai ya ce a cire masa cukun. Wanda kuma cikinsa ba ya ɗaukar alkama ba shi da rabo ko kaɗan.

 Duk wanda ke neman sanwicin da babu nama, babu ƙwai, babu madara, babu alkama, kicin ɗinsa ne wurin da zai fi samun kwanciyar hankali. Abin sha'awa kuma, kayan da ake buƙata ba baƙi ba ne a kasuwannin Kano ko Maraɗi.

Abu biyu ne daban

Mutane kan haɗa su wuri guda, amma barin nama daban, barin alkama daban.

Na farko zaɓi ne. A 1944 Donald Watson da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa duk abincin da ya fito daga dabba a Ingila, waɗanda ake kira 'yan bigan. Wasu tausayin dabbobi ne ya kai su, wasu muhalli, wasu lafiya.

Na biyu kuwa ga wasu dole ne. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai akwai sinadarin gulutin, wanda shi ke sa ƙullin fulawa ya yi danƙo. Mai cutar siliyak idan ya ci shi, garkuwar jikinsa sai ta afka wa ƙaramin hanjinsa, abinci ya daina shiga jiki yadda ya kamata. Alamominta sun haɗa da gudawa mai daɗewa, kumburin ciki, ƙarancin jini da tsumburewar yaro. An ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin ɗari na ɗauke da ita a duniya.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura cewa yara masu wannan ciwo sun samu sauƙi lokacin da burodi ya yi ƙaranci a Yaƙin Duniya na Biyu, suka koma ciwo da ya dawo. Kuma ba cutar Turawa kaɗai ba ce. Binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi ya gano ta a jikin sama da biyar cikin ɗari, ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu.

Tarkon da ke cikin leda

Asalin wannan sanwici na Italiyawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka ne. Ƙwallon naman ana kwaɓa shi da garin busasshen burodi da ƙwai da cuku, sannan a jera shi a dogon burodi. Ke nan ba nama kaɗai za a sauya ba, har da abin da ke riƙe shi da abin da ake sa shi a ciki.

A nan kamfanoni ke bin gajeriyar hanya. Da yawa daga cikin "naman" tsirrai da ake sayarwa a leda da gulutin ake ba shi tauri. Akwai ma nau'in da ake kira seitan, wanda kusan zallar gulutin ne da aka wanke daga ƙullin alkama. Ga ɗan bigan ba matsala. Ga mai siliyak kuwa guba ce a cikin kwali mai kyau. Rubutun "babu nama" bai taɓa nufin "babu alkama" ba.

Wanda ya haɗa da hannunsa ya san abin da ya zuba, kuma bai biya kuɗin jirgi da na kwastan ba.

Yadda ake haɗa shi

Tushen ƙwallon wake ne, kuma Najeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen noman wake. Ana dafa kofi biyu har ya yi laushi, a tsane ruwan sosai, a dagargaza shi da cokali mai yatsu. Kada a niƙa shi ya yi sumul, domin ɗan gari-garin nan shi ke ba shi kamar nama a baki.

Sai a soya albasa da tafarnuwa da ɗan attaruhu har ruwansu ya ƙone, a zuba. Mai son ƙarin tauri ya marmasa awara a ciki, ko yankakken naman kaza na tsiro da aka saya a wurin da aka amince da shi.

Saura abin da zai riƙe shi a madadin ƙwai. A Turai da Amurka ana jiƙa cokali ɗaya na niƙaƙƙen irin filas a cokali uku na ruwa har ya yi yauƙi. Mai yin ɗanwake ta daɗe da sanin wannan dabara: garin kuka. Ƙaramin cokali ɗaya ya isa, tare da garin shinkafa ko alabo cokali uku zuwa huɗu a madadin garin burodi.

Ɗanɗanon nama kuma ba sai an nemo miyar soya ta kwalba ba, wadda galibi da alkama ake haɗa ta. Ɗan daddawa da garin ƙuli-ƙuli da citta da masoro sun wadatar, in dai babu wanda gyaɗa ke yi wa illa a gidan.

A bar kwaɓin ya huta rabin awa, a mulmula shi kamar girman ƙwan zabo, a gasa a oben mai zafin digiri 200 na minti 20 zuwa 25, ko a soya sama-sama a kasko. Kuskuren da aka fi yi shi ne jefa su a miya su yi ta tafasa. Wake ba nama ba ne, zai narke. A gama miyar tumatir da tattasai da ɗoɗɗoya daban, ta yi kauri, sai a zuba ƙwallayen daf da lokacin ci.

Burodin fa? Wanda ba shi da gulutin yana da tsada da wuyar samu, kuma yakan farfashe a hannu. Sinasir na shinkafa ya fi shi: a naɗe ƙwallo uku a ciki da miya. Babbar masa da aka tsaga biyu ita ma ta yi.

Inda alkama ke ɓuya

Girkin gida ba ya zama aminci sai da kula. Ƙa'idar duniya ita ce abinci ba ya amsa sunan "marar gulutin" sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Ɗan ɓurɓushi ya isa ya ɓata lissafi.

Injin niƙan unguwa da aka gama niƙa alkamar alkaki da shi zai bar saura a cikin shinkafar da ta biyo baya. Man da aka soya fanke ko cincin da shi bai dace ba. Haka rariya da muciya da katakon da aka yanka burodi a kai. Wasu masu masa da sinasir na ƙara fulawa a ƙulli, ɗanwaken yanzu ma da yawa da fulawa ake yi, don haka sai an tambaya. Dunƙulen ɗanɗano da yajin leda kuma sai an karanta jikinsu.

Ga uwar da likita ya ce ɗanta ya bar alkama har abada, wannan ba ƙyale-ƙyale ba ne. Gurasa, funkaso, taliya, semovita da burodin mai shayi duk sun fita daga kwanon yaron. Samun abin da zai buɗe a makaranta ya ci a gaban abokansa ba tare da jin an ware shi ba, babban abu ne.

"Ai wannan ƙosai ne da masa"

Masu wannan magana ba su yi nisa da gaskiya ba, kuma ba abin kunya ba ne. Ɗan'uwan ƙosai ne da aka sauya wa riga. Hakan ma shi ne hujjar: abincin da ake tallatawa a matsayin sabon salo an gina shi ne kan wake da hatsin da ba su taɓa ƙunsar gulutin ba, irin su gero, dawa, acca da shinkafa.

Akwai kuma masu cewa duk yayi ne kawai. Su ma suna da rabin gaskiya. Mai lafiya ba ya ƙaruwa da komai don ya bar alkama. Wanda kuma ke zargin tana damunsa, kada ya daina ci kafin a gwada shi a asibiti, domin gwajin na iya kasa gano cutar idan an riga an daina. Wanda ya bar nama da ƙwai da madara gaba ɗaya kuwa yana buƙatar ƙarin bitamin B12, saboda wake da hatsi ba sa ba da shi.

Amma ga wanda lalura ta hana shi alkama, ko ya zaɓi barin nama, ko kuwa tsadar nama ce ta sa shi dole, mudun wake da kofin shinkafa da cokalin kuka sun ishe shi. Abin da ya rage shi ne a wanke injin, a sake mai, a tambayi mai masa abin da ta zuba a ƙullinta.