Kaciyar Jariri: A Bar Gardamar Zaure, A Dubi Lafiyar Yaro

Duk gidan Kirista da aka haifi ɗa namiji, kafin ranar suna gardama takan tashi a zaure. Wani dattijo ya ce dole a yi masa kaciya ran kwana takwas, tun da haka aka yi wa Ubangiji Yesu. Wani ya ce kaciya ta Yahudawa ce da Musulmi, mai bi ba ruwansa da ita. Kaka kuma ta ce a bari sai ya kai shekara bakwai, a haɗa shi da tsararsa a kai wa wanzami cikin sanyin hunturu, yadda aka yi wa ubansa. Dukansu uku sun kauce hanya, kuma jaririn da ba shi da bakin magana shi zai sha wahalar kuskurensu.

A fara da masu cewa dole ce. Gaskiya ne Allah ya ba Ibrahim kaciya ta zama alamar alkawari, gaskiya ne kuma an yi wa Yesu ita a rana ta takwas. Amma an riga an yanke wannan magana tun wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu. Waɗansu mutane sun je Antakiya suna koyar da cewa babu ceto sai da kaciya. Manzanni da dattawa suka taru a Urushalima, suka ƙi ɗora wa Al'ummai wannan kaya. Wanda ya tashi yau yana tsorata uwa cewa ɗanta bai cika Kirista ba sai an cire masa loɓa, yana ta da shari'ar da Bitrus da Yakubu suka rufe. Da baftisma ake shiga ikkilisiya, aska ba ta buɗe wa kowa ƙofar sama.

Masu cewa haram ce su ma ba su da madafa. Bulus ya yi wa Timoti kaciya saboda Yahudawan da za su yi wa wa'azi, amma bai yarda a tilasta wa Titus ba. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar sun daɗe suna yi wa ƴaƴansu maza. Yawancin na Faransa da Jamus ba sa yi. Ba wanda ya fi ɗan'uwansa a gaban Allah saboda haka.

Ashe magana ta dawo hannun iyaye, kuma ma'auninta lafiyar yaro. Uban da ya zaɓi barin ɗansa haka bai yi zunubi ba. Sai dai ya san abin da likitoci suka gano. Jaririn da aka yi wa kaciya bai cika kamuwa da ciwon mafitsara ba kamar wanda ba a yi wa ba. Bincike uku da aka yi a Afirka ta Kudu, Kenya da Uganda sun nuna kaciya tana rage wa namiji haɗarin ɗaukar cutar sida daga mace da wajen kashi 60 cikin 100, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2007 cikin hanyoyin rigakafi. Ragi ne kawai, ba laya ba ce, ba ta kuma ba kowa izinin fasikanci.

A ƙasar Hausa, daga Maraɗi har Damagaram, da wuya a ga yaron da aka bari da loɓa, domin ba'ar tsara ma ta ishe shi. Tun da kusan kowa zai yi, tambaya ta gaske ita ce: yaushe, kuma a hannun wa? A nan ne shawarar kaka take da haɗari. Kaciyar jariri cikin kwana 60 na fari ta fi sauƙi: jini kaɗan ne, yawanci ba a bukatar ɗinki, miki yakan warke cikin kwana goma. Yaro ɗan shekara bakwai kuwa sai ƙarti sun danne shi, yana kuka yana fizga, ga aska a kusa da naman da ba ya tofowa in an yanke.

Ba a raina wanzami ba, sana'ar gado ce. Amma in aska ɗaya ta bi yara goma a jere, ciwon hanta da ke jinin ɗaya yana iya bin sauran. In aka barbaɗa toka a miki, ko aka zaunar da yaro a ƙasa, an buɗe wa cutar sarƙewar haƙora ƙofa, domin ƙwayarta a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama. In jini ya ɓalle da dare, wanzami ba shi da abin ɗaure jijiya. Sa'an nan a ce tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa. Wannan sakaci ne, kada a laƙaba wa Allah.

Akwai kuma yaran da bai kamata a taɓa su da gaggawa ba: bakwaini, mai shawara ko zazzaɓi, wanda a danginsa akwai masu zubar jini ba tsayawa, da wanda aka haifa da kafar fitsari a ƙarƙashin gaba maimakon a tsini, domin likita yakan bukaci wannan fatar wajen gyara. Ma'aikacin lafiya da aka horar ne zai duba ya gane haka. Shi ne kuma zai yi allurar kashe zafi, domin ƙarya ce a ce jariri ba ya jin ciwo.

Masu cewa asibiti da tsada su lissafa abin da ake kashewa kan goro da rago da shinkafar suna. Gidan da ya iya ciyar da unguwa ba zai rasa kuɗin kai ɗansa wurin likita ba. In kuwa talauci ne na gaske, aikin dattawan ikkilisiya da zumuntar mata ne su haɗa hannu. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba iyaye amanar jikin yaro, kuma zai tambaye su yadda suka riƙe ta.