Shafi ya ƙi buɗewa? Mu duba cikin gida tukuna

Bara bayan kaka, da aka kai masara da waken suya kasuwar Dandume, Baba ya dawo gida da wata 'yar farar na'ura mai ɗaukar layin waya, wadda ake kira rawuta. Murna ba a cewa komai. Amma kafin a ba mu kalmar sirri, sai da ya sa babban yayanmu ya zauna ya toshe shafukan da bai yarda mu shiga ba, musamman na caca. Ba mu ga laifinsa ba, don mun san samarin da kuɗin takinsu ya tafi a wannan hanya.

Rigima ta taso ne ranar da yayarmu ta zo biyan kuɗi a shafin JAMB. Shafin ya buɗe lafiya lau, amma da aka zo wajen biya sai ya tsaya cak. Muka yi ta zagin sabis har la'asar, ita kuwa har ta fara hawaye. Ashe matsalar tana kan teburin falonmu.

Ga abin da ya kamata mu fara yi tun da safe. A kashe wayifai a waya, a kunna datar layi, a sake gwada shafin. Idan ya buɗe, to toshiyar a cikin gida take. Idan ya ƙi ta kowace hanya, abin ya fi ƙarfin rawuta. Mu mutanen wannan yanki mun san irin wannan: a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, daga 5 ga Yuni har zuwa 13 ga Janairun 2022. Irin wannan ba a gyara shi daga falo.

Namu ya buɗe da data. Sai muka jira Baba ya dawo daga gona, muka nemi izininsa, Yaya ya shiga saitunan. Ana shiga ne ta rubuta wata lamba a inda ake rubuta adireshin shafi, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, kuma tana rubuce a ƙasan na'urar. Don Allah kada wani ya ɗauki tsinke ya danna ɗan ramin nan na baya. Yana goge duk abin da aka saita, har da kalmar sirri, kuma ranar za ku yi wa Baba dogon bayani.

Toshiya iri biyu ce. Akwai wadda ake rubuta shafukan da aka hana, sauran duk a buɗe. Akwai kuma wadda ake rubuta waɗanda aka yarda da su kaɗai, sauran duk a rufe. Yaya ya zaɓi ta biyu a wayar yayarmu, ya sa jamb.gov.ng da shafukan WAEC da NECO. Abin da bai lura da shi ba, shafi ɗaya yakan jingina da wasu. Wajen biyan kuɗi, JAMB kan miƙa mutum ga Remita, shi kuwa ba ya cikin jerin. Kamar a ba ka izinin shiga kasuwa ne a hana ka zuwa wurin mai awo. Da aka mayar da wayar kan tsari na farko, ko minti biyar ba a yi ba aka gama.

A sauran wayoyin kuma mun tarar da wani abin dariya. Yaya ya hana duk adireshin da ke ɗauke da haruffan "bet", don ya kama 'yan caca a dunƙule. Na'ura ba ta san ma'ana ba, haruffa kawai take ƙirgawa, don haka shafin diabetes.org mai bayani kan ciwon suga shi ma ya rufu. Wannan tsohon ciwo ne. A 1996 kamfanin AOL ya hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila yin rajista, saboda akwai wata kalmar batsa a tsakiyar sunan garinsu. Gara a rubuta cikakken sunan kowane shafi, ko da zai ɗauki lokaci.

Sai maganar agogo, wadda ta fi shafar mu masu fama da ɗauke wuta. Idan an saita cewa intanet ya rufe ƙarfe 10 na dare, rawuta da agogonta take aiki. Wasu idan wuta ta ɗauke sukan manta lokaci sai sun sake samun sabis, wasu kuma tun farko an bar su a kan lokacin wata ƙasa. Sai ka ga an rufe ka da hantsi. A duba a tabbatar tana kan GMT+1, lokacin Najeriya.

Akwai kuma akasin haka, wato an toshe amma bai toshu ba. Rawuta tana gane kowace waya ne da wata lamba ta musamman, amma tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi kan nuna lambar aro maimakon ta ainihi. Idan lambar ta canza, sai rawuta ta ɗauki wayar a matsayin baƙuwa, dokar da aka ɗora mata ta daina aiki. Haka aka gano ƙaninmu ya kwana biyu yana kallon ƙwallo har tsakar dare. Mu dai ba mu kai ƙara ba, jerin wayoyin da ke cikin saitunan ne ya tona shi.

Yanzu akwai wani ɗan littafi kusa da na'urar. Duk wanda shafin karatu ya ƙi buɗe masa sai ya rubuta sunan shafin da lokacin da abin ya faru, ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba da Yaya su duba. A makon jiya an buɗe uku, an ƙi ɗaya.