A Duba Injin Kafin A Ɗora Masa Manhaja

Ba na goyon bayan masu gyaran da ke ɗora wa kowace ƙaramar kwamfutar gwanjo sabuwar Windows don mai ita ya ga sabon abu. Ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka da suka yi tashe wajen 2008, masu furosesa Intel Atom N270, an ƙera su ne don tattalin batir, kuma tsarin bit 32 kaɗai suke ganewa. Windows 11 kuwa sai mai bit 64, da RAM na gigabayit 4 da kariyar TPM 2.0, don haka ba ta hawa kansu ko kusa. Windows 10 tana hawa, amma da jan ƙafa, ga shi Microsoft ta rufe tallafinta na gama-gari a Oktoban 2025. Shawarata, a fara gano sunan furosesar kafin a sauke komai. In mai bit 32 ce, a nemi Linux mara nauyi irin antiX, domin Ubuntu, wani nau'in Linux ɗin, ta daina fitar da mai bit 32. Ɗalibin da rubutu da karatu ne buƙatarsa, wannan ta ishe shi.