Kafin Ka Ba da Kafin Alƙalami a Kurmi

'Yan uwa, a gida mun saba cewa mai sayarwa ne zai bayyana aibin kayansa, domin haka shari'ar Musulunci ta ɗora masa. Da wannan sabo muke zuwa Agege ko Sabon Ibadan mu sayi fili, dillali ya rantse, mu miƙa kuɗi. To, dokar da kotunan nan ke bi ba haka take ba.

Abin da ta wajabta wa mai fili shi ne ya faɗi ɓoyayyen aibin da ke cikin mallakarsa, kamar jinginar da filin a banki ko haƙƙin wani a kansa. Amma abin da ido zai iya gani, kamar kwari mai cin ruwa da damina ko hanyar da ta ratsa filin, wannan alhakin mai saye ne ya duba. Ko da ya ɓoye abin da ya wajaba ya faɗa, ƙarar neman kuɗinka kan ɗauki shekaru, shi kuwa ya riga ya cinye su.

Inda aka fi cutar mu shi ne filin gado. A ƙasar Yarabawa yawancin filaye na dangi ne. Tun a 1959, a shari'ar Ekpendu da Erika, kotu ta ce idan 'yan dangi suka sayar ba tare da shugaban gidan ba, cinikin bai ƙullu ba sam. Idan kuma shugaban ya sayar ba da yardar manyan gidan ba, suna iya zuwa kotu a warware. Rasit ɗin saurayi guda, komai girman hatiminsa, ba ya tsare ka. Haka nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar mallaka ba zai mayar da ita ga wani ba sai da amincewar gwamna.

Laifinmu a nan, a ganina, kunya ce. Muna jin nauyin tambayar dattijo takarda, kamar mun ƙaryata shi, alhali 'yan ƙasar ma suna tambaya. A Legas, a sa lauya ya bincika rajistar filaye a Alausa, safiyo kuma ya tabbatar ba filin da gwamnati ta karɓe ba ne. Wanda ba ya karanta Turanci kada ya dangwala yatsa sai an fassara masa yarjejeniyar da Hausa, kuma an rubuta a jikinta cewa an karanta masa ya fahimta. Mai fassarar kada ya zama dillalin, tunda la'adarsa na jiran a gama ciniki.