Daga Bakin Allo: Zauren Sabo Ne, Ɗakunan Tsofaffi

 A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen makaranta, ko da yake, kamar yadda za ku gani, zancen zai sake dawo da mu ƙofar aji ko muna so ko ba ma so.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san amfanin zaure. Baƙo ba ya zagaya katanga yana neman ƙofar kowane sashe. Zaure yake shiga ya yi sallama, a tura yaro ya kira masa wanda yake nema. To, irin wannan zaure ne gwamnatoci da jami'o'i da bankuna suke ta ginawa a intanet, wato shafi guda inda mutum zai tarar da hidimomin da a da suke warwatse. Birtaniya ta buɗe nata, GOV.UK, a 2012, Kenya ta buɗe eCitizen a 2014. A nan Gana kuwa, a watan Yulin 2021 ne mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar da Ghana.gov, inda ake neman hidimomin hukumomi a kuma biya kuɗinsu, har ta wayar hannu.

Abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne, zauren ne kaɗai sabo. Kafin a gina shi, kowace hukuma ta riga ta mallaki manhajarta, wadda wani kamfani daban ya yi mata, da rajistarta, da tata kalmar sirri. Ba mai yarda a rushe abin da yake aiki, don akwai kashe kuɗi, akwai kuma tsoron ɓatar da bayanan jama'a. Saboda haka sai a ce wa masana kwamfuta su haɗa tsofaffin da sabon.

Mafi arhar dabara ita ce a kafa alama a zaure kurum, ka latsa ta jefa ka can tsohon shafi. Wannan kam nuna hanya ne, ba haɗawa ba. Wadda ta ɗan fi ta ita ce a huda taga a bangon zauren, a riƙa nuno tsohuwar manhajar a cikinta kamar hoto a firam. Ga ido, abin ya yi kyau, tambari ɗaya, launi ɗaya. Amma wanda ke cikin taga bai san da zaman zauren ba. Shi ya sa za ka ba da kalmar sirri a ƙofa, ka isa taga a sake tambayarka wata. A ƙaramar waya kuma sai tagar ta matse, maɓallin biyan kuɗi ya ɓuya a gefe, mutum ya yi ta jan shafi da yatsa har kuɗin datarsa ya ƙare. Wasu manhajojin ma ƙin bayyana suke yi a tagar wani, kuma da gaskiyarsu, don 'yan damfara da irin wannan taga suke yaudarar mutane su latsa abin da ba su yi niyya ba.

Masana sun daɗe da sanin wannan matsala. Tun a 2003 aka fito da wata ƙa'ida mai suna JSR 168, wadda ta tsara yadda za a gina manhaja gunduwa-gunduwa ta yadda za ta zauna daram a kowane zauren da ya bi ƙa'idar. A 2005 kuma aka amince da SAML 2.0, wadda ke ba zaure damar shaida wa sauran ɗakuna cewa wannan baƙon an tantance shi, kada a sake tare shi. Ƙasar Istoniya ta bi ta wata hanya tun 2001 da tsarinta na X-Road: kowace hukuma ta riƙe rajistarta, amma aka shimfiɗa musu amintacciyar hanyar tambayar juna, don kada ɗan ƙasa ya zama ɗan aike tsakanin ofisoshi.

Sai dai duk wannan ba ya yiwuwa sai ɗakunan sun yarda cewa mutum ɗaya suke magana a kai. Dalilin da ya sa ke nan daga 1 ga Afrilun 2021 lambar Ghana Card ta zama lambar haraji, aka kuma shiga haɗa ta da lambar fansho ta SSNIT da layukan waya a wannan shekara. A nan ne abin ya iso zango.

Mu dai mun san cewa Abubakar da Abubakari da Bukari duk mutum guda ne, haka Hauwa'u da Hawa. Akawun da ke bayan tebur a da, in ya ga haka, yakan ɗaga kai ya dube ka, ya yi murmushi ya buga hatimi. Kwamfuta ba ta ɗaga kai. Muddin takardu suna zaune a ɗakuna daban-daban ba wanda ya lura da saɓanin. Ranar da aka haɗa su a zaure guda, ranar yake fitowa fili.

Kwanan baya wani dattijo ya same mu bayan an tashi makaranta, riƙe da takardun 'yarsa, tsohuwar ɗalibarmu, wadda ke neman gurbin karatu. Ya ce, "Malam, ku ne masu boko, ku duba mini. An ce wai ba ita ba ce." Muka baje takardun a kan benci. Sunan uba a takardar haihuwa daban, a takardar jarrabawa daban, harafi biyu ne kacal tsakani. Muka ce, "Baba, ka ba mu zuwa gobe." Da muka tono tsohuwar rajistar aji ɗaya, sai ga inda abin ya faro: wani malami ne ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji, shekara goma sha biyu da suka wuce. Ba mu ga laifinsa sosai ba, don mu ma mun sha yin haka da safiyar ɗaukar sababbin yara, layi ya yi tsawo, alli na jira. Amma gyaran ya ci wa dattijon takardar rantsuwa, da kuɗin mota, da kwanaki ba ya kasuwa.

Tun daga nan muka daina rubuta sunan yaro da ka. Uwa ko uba ya zo da takardar haihuwa, mu kwafa harafi bayan harafi, mu karanta masa da ƙarfi, ya amsa. Wanda zai kawo yaro a sabuwar shekarar karatu, ya fara duba takardun gidansa tun yanzu, ya jera su a kan tabarma ya sa wani ɗan sakandare ya gwada sunaye da ranakun haihuwa. In an ga saɓani, a je a gyara tun yaron yana aji ɗaya.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.