A bar mata su ja ragamar aikin gini

A ƙasarmu Nijar, da an ce gini sai a ce aikin maza ne. Amma su wa ke daɓen ɗaki a karkara tun kaka da kakanni? Mata ne. Shugabancin aikin ne ake hana su.

Dubi Mariam Issoufou. A 2014 ta buɗe ma'aikatarta ta zanen gine-gine a Yamai. A 2018 ita da Yasaman Esmaili, ƴar Iran, suka kammala aikin Hikma a Dandaji, cikin jihar Tawa: tsohon masallacin ƙasa ya koma ɗakin karatu, aka tada sabo kusa da shi da bulon ƙasa, tare da maginan yankin. A 2022 ta zama farfesa a jami'ar ETH ta birnin Zurich.

To, sauran fa? Yarinya za ta fito da digirin injiniya, kamfani ya zaunar da ita ofis tana buga takardu, ya tura namiji wurin gini, wai lebura ba ya jin maganar mace. Maginan Dandaji kam sun ji. Gwamnati ce babbar mai ba da kwangila. Kafin ta sa hannu, ta tambayi kowane kamfani mata nawa ke riƙe da aiki a wurinsa, kuma nawa ake biyan su.